Sumon rijiyar unguwarmu ya ƙone: mu kai kuka gidan rediyo ko mu bi ta dattawa?

Sakataren Matasa, Gusau:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda sunka san aikin gidan rediyo daga ciki, da duk wanda unguwarsu ta taɓa fitar da kukanta waje har anka share mata hawaye.

Ni ne sakataren ƙungiyar matasan unguwarmu, ɗaya daga cikin sababbin unguwannin da sunka tashi a gefen Gusau, inda bututun ruwa bai kai ba. Abin da muka dogara da shi rijiyar burtsatse ce guda ɗaya mai aiki da hasken rana, da tanki biyu bisa ƙarfe, da kawunan famfo a jere jikin bango. Aikin mazaɓa ne, irin wanda ɗan majalisa ke kawo ma yankinsa, an yi shi shekarun baya, an kafa allo, an yi hotuna, kowa ya watse. Tun bayan ƙaramar salla sumon, wato injin da ke cikin ramin yana turo ruwa sama, ya ƙone. Mai gyaran da munka kira ya jawo shi, ya kwance, ya nuna muna wayar ciki ta yi baƙi ƙirin, ya ce babu gyara sai sabo. Ya kuma ce farantan sola biyu sun tsage.

Yanzu unguwa ta koma hannun 'yan garuwa. Ba na ganin laifinsu, su ma daga nesa suke turo kura, kuma sayen ruwan suke yi. Mai albashi yana matsewa ya sayi jarka uku ko huɗu. Waɗanda abin ya fi ci su ne 'yan gudun hijira. Duk wanda ya san Gusau ya san yadda ta cika tun da ɓarayin daji sunka tada ƙauyukan Maru da Anka da Maradun da Tsafe da Zurmi. Kangayen unguwarmu babu wanda ba kowa ciki, galibi mata da ƙananan yara, kuma ba su da kuɗin jarka. Da an sallame asuba za ka ga yara da robobin fenti sun nufi wani gidan bulo, mai wurin yana barinsu su kwashi abin da ya rage a kwatamin da ake jiƙa bulo. Da idona na ga yarinya da ba ta wuce shekara bakwai ba ta shimfiɗa gefen ɗankwalinta a bakin roba tana tace ruwan, shi kuwa ruwan ya yi fari da siminti. Ga damina na tahowa, kuma ba mu manta yadda amai da gudawa ya yi ɓarna a jihar nan a 2021 ba.

Ba zaune muke ba. Mun yi karo-karo, kowane gida naira 500, masu hali sunka ƙara, amma abin da anka tara bai kai rabin kuɗin sumo ba. Mun rubuta takarda zuwa ofishin da sunansa ke jikin allo, an karɓa, an buga hatimi a kwafinmu, an ce ana dubawa. Mun ga kansila, ya ce aikin ba na ƙaramar hukuma ba ne.

Matasa sun ce a tafi gidan rediyo. Mai unguwa da liman da dattawa sun ce a'a, tonon asiri ne, za a ce siyasa ce, kuma wanda ya kawo aikin zai ji haushi ya juya muna baya gaba ɗaya. Wasu samarin har sun fara cewa za su ɗauki bidiyon yaran a gidan bulo su saka a Facebook da TikTok, kowa ya gani. Ni nake riƙe su.

Raina ya fi karkata ga rediyo, kuma ina da dalili. A Satumbar 2021, da anka katse layukan waya a jihar, mutane na hawa mota har Funtuwa don su buga waya kawai, ba Facebook ba WhatsApp, abin da ya riƙe garin nan akwatin rediyo ne da lasifikar masallaci. Tun lokacin na san wace kafa ce ke shiga kowane gida. Amma ban san yadda abin yake daga ciki ba. Kukan da ake kaiwa rediyo yana kawo gyara kuwa, ko iska ke kwashe shi? Biya ake yi? Kuma yaya za mu yi ba tare da mun ɓata da iyayenmu ba?

Tsohon Ma'aikacin Rediyo:

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Na yi shekaru a sashen labarai kafin in ajiye aiki, bari in gaya maka abin da na sani.

Gidan rediyo ƙofa biyu gare shi, kuma mafi yawan masu kawo kuka ta wadda ba daidai ba suke shiga. Akwai sashen kasuwanci, inda ake sayen fili: ka biya, a ba ka minti goma sha biyar ko rabin awa, ka faɗi abin da kake so. Akwai kuma sashen labarai, inda ba a sayar da komai, edita ne ke duba ko abin da ka kawo labari ne. Kada ku sayi fili. Kuɗinku zai ƙare, ga shi kuwa na sumo ne, sannan kunnen mai sauraro ya riga ya saba: duk wanda ya sayi fili yana ƙorafi, cikin sojojin baka ake lissafa shi, a fara tambayar wa ya biya masa. Abin da dattawanku ke tsoro ke nan, kuma a nan suna da gaskiya. Buga waya a shirin kai-tsaye ma bai wadatar ba. Ka ƙona kati kana jiran layi, a ba ka minti ɗaya, kana ajiyewa wani ya shigo da maganar taki.

Ku je sashen labarai ku nemi edita. Amma ka fahimci halin da yake ciki. Gidan yana cin dizal kullum, tallan da ke biyan dizal ɗin kuma mafi yawansa daga gwamnati da 'yan siyasa yake fitowa. Ka tuna Oktoban 2022, lokacin da gwamnatin jiha ta ba da umarnin rufe NTA Gusau da Pride FM da Gamji da Al'umma TV saboda ɗaukar taron wata jam'iyya. Hukumar NBC, mai kula da gidajen rediyo da talabijin na ƙasa, ta ce jiha ba ta da wannan hurumin, aka janye umarnin bayan 'yan kwanaki, aka ba da haƙuri. Duk da haka babu editan da ya manta. Saboda haka aikinku shi ne ku kawo masa labarin da zai iya karewa idan an kira shi.

Wannan kwafin mai hatimi da ke hannunka ya fi duk wata magana da za ku yi daraja. Ku haɗa shi da hoton allon, da takardar mai gyara da ya rubuta abin da ya lalace da kuɗinsa, da littafin karo-karonku. Littafin nan yana da muhimmanci ƙwarai, don shi ke nuna ba zaune kuke kuna jiran a ba ku ba. Ka'idar aikin ta wajabta a ji ta bakin ɗaya ɓangaren, to ku sauƙaƙa wa wakilin, ku gaya masa ofishin da za shi. Sau da yawa gyaran daga nan yake farawa, tun ba a saka rahoton ba, domin jami'in yaɗa labaran ofishin ba ya son a ce an neme su sun yi shiru.

Ku kira wakilin ya zo da asuba, lokacin da yaran ke fita. Rediyo da kunne ake kallonta. Ƙarar robobi, da muryar uwa guda ɗaya tana faɗin yadda take raba jarka ɗaya tsakanin girki da alwala, sun fi jawabin shugaban ƙungiya shiga rai. Kuɗin mota kuwa, ba zan ɓoye maka ba, yawancin wakilai da aljihunsu suke zuwa. Ku ɗauko shi a babur ku mayar da shi. Idan wani ya yanka muku farashi kafin ya ɗauki labarin, ku bar shi ku je wani gidan.

Yana kawo gyara? Abin da na gani shi ne, ƙaramin abu takamaimai yana samun gyara, babban kuka ba ya samu. “Babu ruwa a Gusau” kowa ya sani, babu wanda zai motsa. “Sumo ɗaya da faranti biyu, unguwa ta tara kusan rabi” abu ne da mutum ɗaya zai iya sa hannu a kai kafin azahar. Kuma kada ku tsaya a rahoto ɗaya. Bayan mako biyu ku koma wa wakilin, a sake tambaya ina aka kwana.

Malamar Islamiyya:

Ƙanena Sakatare, Allah ya saka maka da alheri da ka riƙe yaran nan. Don girman Allah kada a saka fuskar kowa a waya. Matan da ke cikin kangayen nan ina karantar da irinsu. Wata mijinta an kashe shi a gona, wata an biya kuɗin fansa kafin a sako ta, wata gudowa ta yi da dare ba ta son a san inda take, don masu kai wa ɓarayi rahoto ba a daji kaɗai suke ba. Wanda zai ɗauki bidiyon gobe ya manta, ita kuwa hoton ɗiyarta yana nan yana yawo. Ko a rediyon ma a nemi izininta, kuma kada a faɗi sunan ƙauyensu.

Sai tambayata: mata nawa ne a cikin kwamitinku? Ruwa mu ke ɗiba, mu ke sanin ranar da famfo ya fara tari yana fitar da iska kafin ya kawo, amma ba a tambayarmu sai ya mutu.

Ina faɗin haka ne don mu ma tamu ta taɓa ƙonewa, kuma mai gyara ya yi muna bayanin da ya zauna mini. Da bazara ruwan ƙasa yana ja baya. Idan sumo na jan ruwa har ya ƙare, ya ci gaba da juyawa a bushe, zafi ke cinye shi, don ruwan ne ke sanyaya shi. Akwai 'yar na'urar da ake sakawa ta kashe shi da kanta in ruwa ya yi ƙasa, da wata a tanki da ke tsayar da shi in ya cika, ba su da tsada in an gwada da kuɗin sumo, amma 'yan kwangila kan tsallake su. Farantan kuma ƙurar hunturu na rufe su, sai an riƙa gogewa, ga yara da jifa, ga masu kwancewa da dare. To ko gobe anka kawo muku sabo, in babu mai kula, baɗi war haka kuna gidan rediyo kuma, kuma ran nan ba wanda zai saurare ku.

Abin da munka yi, matan adashinmu ne sunka karɓi riƙon. An sa ɗan kuɗi kaɗan a kan kowace jarka, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na farashin 'yan garuwa ba. Wata dattijuwa ke zama da gwangwani mai kwaɗo daga hantsi zuwa la'asar, ana ba ta na goro duk Juma'a. Gwangwanin ba a buɗe shi sai mutum uku na nan, a ƙirga, a rubuta, liman ya karanta jimilla bayan sallar isha'i duk ƙarshen wata. Zawarawa masu marayu da 'yan gudun hijira ba su biya, an rubuta gidajensu. Da farko wasu maza sun yi ta gunaguni, wai ruwan sadaka an mayar da shi kasuwa. Da kan famfo ya karye anka canza shi a ranar ba tare da an bi gida-gida ba, gunagunin ya tsaya.

Dattijon Unguwa:

Ɗana, na karanta, kuma ban ga rashin kunya cikin maganarka ba, shi ya sa zan ba ka amsa.

Ku yara kuna ganin mai unguwa tsoro ya hana shi. Ba ku san abin da ke bisa kainai ba. Shi ba ya da kasafin kuɗi, ba ya da ofis, amma in anka ji sunan unguwarshi a rediyo da safe, kafin azahar an kira shi gaban uban ƙasa a tambaye shi mi ya faru bai kawo rahoto ba. Ku kuna gida, shi ka tsayawa. Kuma wanga lokaci da muke ciki, duk abin da ya motsa sai an ce na jam'iyya kaza ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ka samun wurin shiga. Ranar da anka ji matasa na gefe guda dattawa na gefe guda, 'yan siyasa za su shigo, wani ya ba ku riguna, wani ya ba su buhu, rijiya kuwa tana nan a bushe.

Ban ce a yi shiru ba. Ƙishirwar yaran ga haƙƙi ce a wuyanmu duka. Amma a bi ta ƙofa. Ku zauna da mai unguwa, ba cikin taro ba, ku biyu ko uku bayan magariba. Ku roƙe shi shi rubuta ma uban ƙasa da hannunshi, a haɗa da takardarku mai hatimi, don maganar ta hau har fadar Sarkin Katsinan Gusau in ta kama. Ku sa lokaci tare da shi, ku ce Baba in mako kaza ya wuce ba amsa, muna son kai da kanka ka yi magana da ɗan jarida, mu muna bayanka. In ya riga ya sanar da na gaba da shi, ba mai ce mishi ya yi tsallake. Da yawan abin da ake kira ƙin yarda, rashin shawara ne tun farko.

Mai Bin Diddigi, Birnin Kebbi:

Baba ya faɗi gaskiya, zan ƙara da abin da ya shafi takarda, don shi ne ɗan aikin da nake yi da matasa a nan wajenmu.

Malam Sakatare, misalin da ya fi dacewa da ku a jiharku yake. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, sanadin dakan duwatsun zinariya a cikin gidaje, yara sama da 400 suka rasu. An share ƙasar ƙauyuka da dama, aka bar ƙauyen Bagega ba a share ba. Likitocin ƙungiyar agaji ta duniya, MSF, suka ce ba za su iya fara ba yara magani ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar, don yaron da aka yi wa magani ya koma wasa a tsakar gidan nan gubar za ta sake shigarsa. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin kuɗin a Mayun 2012, aka yi ta jira. Wasu matasa, su Hamzat Lawal, suka fara gangamin Follow The Money, wato bin sawun kuɗin gwamnati, a kan Bagega, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta sa baki, 'yan jarida suka ɗauka, a ƙarshen Janairun 2013 aka saki kuɗin, aka yi aikin a shekarar. Abin lura, ba cewa suka yi a tausaya wa Zamfara ba. Sun riƙe alkawari guda, da adadinsa, da wanda ya yi shi, suna ta tambayar ina kuɗin yake.

Ku ma kuna da irin wannan igiyar. Allon da ke jikin rijiyar yana ɗauke da sunan hukumar da ta ba da aikin da ɗan kwangila. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman bayani a rubuce daga hukumar gwamnati, ba sai ya faɗi dalili ba, kuma ta ba hukumar kwana 7 ta amsa. An daɗe ana gardamar ko ta shafi jihohi, a 2025 Kotun Ƙoli ta ce ta shafe su. Ku rubuta ku nemi abu uku: nawa aka ware wa aikin, me da me ke cikin takardar kwangilar, wa aka damƙa wa kula da rijiyar bayan an gama. Idan na'urar da Malama ta ambata tana cikin takardar amma babu ita a ramin, kun sami magana mai ƙarfi. Ba kullum suke amsawa ba, amma rashin amsar ma abu ne da edita zai iya faɗa ba tare da fargaba ba. Akwai kuma Tracka, na ƙungiyar BudgIT, masu bin ayyukan mazaɓu, za ku iya aika musu hoton allon.

Ka gaya wa samarinka su yi hattara da rubutu. Dokar laifukan intanet ta 2015, sashe na 24, an sha kama mutane da ita kan abin da suka rubuta a Facebook. An yi mata gyara a 2024, amma har yanzu kiran mutum ɓarawo da sunansa ba tare da hujja ba yana iya kai yaro ofishin 'yan sanda. Su rubuta abin da ke takarda kawai.

Sakataren Matasa, Gusau:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga inda muke.

Baba, mun bi shawararka. Ni da shugabanmu munka same shi bayan magariba a zaurensa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce a kawo mashi kwafin takardar, ya rubuta tasa, ya kai da kansa. Maganar ɗan jarida bai ce e ba tukuna, ya ce a ga abin da uban ƙasa zai ce. Liman dai ya sauko, har ya yi maganar haƙƙin maƙwabci da baƙo bayan sallar asuba, wasu da ba su ba da karo-karo ba sunka kawo.

Malama, babu mace a kwamitin. Na karanta ma matasa abin da kika rubuta, maganar bidiyo ta mutu a wurin. Uwargidan liman ta yarda za ta tara matan unguwa ranar Alhamis, har da na kangaye, su zaɓi waɗanda za su riƙe gwangwani. Wani abin da ya taso shi ne 'yan garuwa: biyu daga cikinsu a unguwar suke kwana, sun zo sun tambaye ni ko in an gyara za a bar su su riƙa cika kura a kan farashin unguwa. Ra'ayi ya rabu. Ni ina ganin a ba su lokacin da ba layi, da tsakar rana sa'ad da rana ta fi ƙarfi tanki na cika, amma ina tsoron jan ruwan ya yi yawa da bazara. Ku yaya kunka yi da naku?

Takardar neman bayani na rubuta ta, gobe in sha Allahu zan kai. Yallaɓai tsohon ma'aikaci, takardar mai gyaran da hannu ya rubuta ta a fallen littafi, ba hatimi ba sunan shago. Edita zai karɓe ta haka, ko mu nemi wani mai shago ya sake dubawa ya rubuta muna a takardarsa?